Ƙofar Shiga Kiɗa da Waƙa a Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

A ƙasar da ta haɗa Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kiɗa da waƙa sana'a ce mai gidajenta, kamar ƙira da jima da fawa. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, babbar ƙofar shigarta gado ne. Ɗan makaɗi yakan buɗe ido ya tarar da kotso ko kalangu a rataye a zaure, ya taso cikin sana'ar ba tare da an tambaye shi ra'ayinsa ba. Wanda bai gada ba kuwa ana ce masa ɗan haye, kuma sai ya yi barantaka a gidan wani makaɗi shekara da shekaru kafin jama'a su yarda su saurare shi.

Koyon yana da matakai, ko da yake ba a rubuce suke ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya a bayan ayari. Shi ke shanya ganguna a hantsi don fata ta ɗame, shi ke kallon yadda ake shafa nake a tsakiyar fatar kotso har muryarsa ta zauna daidai. Daga nan sai a sa shi cikin 'yan amshi, kuma nan ce makarantar gaskiya. Ɗan amshi dole ya riƙe gindin waƙa, ya san inda jagora zai ja numfashi, ya karɓe ba tare da ya yi gaggawa ko ya makara ba. Da tafiya ta yi nisa yakan haddace ɗiyan waƙoƙi masu yawa, tare da asalin sarakuna da kirarin kowace sarauta, domin makaɗin da ya rikita sunan kakan sarki a gaban fada ya zubar da mutuncin gidansu. Wanda ya goge sai a ba shi damar ƙara ɗa a waƙa ko gyara wanda jagora ya kawo. Musa Ɗanƙwairo, daga yammacin Zamfara, ta wannan tsani ya hau: ya daɗe yana daudun kiɗi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya kafa ƙungiyarsa. Mai murya da baki amma marar hannun kiɗa yakan zama sanƙira, yana zuga, yana sanar da kyautar da aka yi.

Iyawa kaɗai ba ta ciyar da makaɗi, sai da ubangida. Fagen neman ubangida kuwa uku ne a wannan yanki. Akwai fada, wurin Sarkin Kiyawa a Ƙaura, da Sarkin Zamfara a Zurmi, da Sarkin Burmi a Moriki, da Magajin Shinkafi. Akwai gona, inda makaɗan noma ke bin gayya da damina suna zuga manoma a bakin kunya. Akwai kuma fagen maza, na 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta, wanda ke cika da kaka bayan amfani ya shiga rumbu. Makaɗin fada yana samun riga da doki da hatsi, wani lokaci har da gida da aure, amma bakinsa na mai gidansa ne. Makaɗin gona da na fage sun fi 'yanci, sai dai abincinsu yana bin shekara: in damina ta yi gardama, kalangu ma yakan yi shiru.

Ba wanda ya nuna yadda ake ƙetarawa daga wani fage zuwa wani kamar Ibrahim Narambaɗa. An haife shi a Tubali, kuma ta wajen mahaifiyarsa, mutuniyar Badarawa ta ƙasar Shinkafi, ya sami gadon kiɗa. Da kiɗan noma ya fara, a ƙauye, cikin ƙura da zufa, kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Zaman gona bai tafi a banza ba. Hausarsa cike take da gulbi da fadama da doki da namun daji, abubuwan da ya gani da idonsa, kuma ya rera su da karin harshen Gobir da Zamfara ba tare da ya sassauta shi don kunnen mutanen gabas ba. Ya yi wa Magajin Shinkafi Ibrahim waƙa, ya yi wa alƙalai da 'ya'yan sarki, amma waƙarsa ta Bakandamiya ce aka fi tunawa da shi a kanta. Ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma a 2009 Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kansa. Abin lura shi ne mutumin da ake nazari a jami'o'i yau bai shiga sana'ar da takarda ba, da kunne ya shiga.

Kassu Zurmi kuwa ya bi hanyar fagen maza. Ya gaji kiɗan tauri, ya riƙe kalangu, ya yi wa mafarauta da 'yan tauri waƙa, har ma da ɓarayi, abin da ya jawo masa suka daga malamai da masu mulki. Duk da haka waƙoƙinsa sun adana sunaye da ɗabi'un wani rukunin jama'a da tarihin fada ba ya kulawa da su.

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo daga Zariya. Cinikin gyaɗa da auduga ya haifar da attajirai, kuma attajiri ubangida ne da ba ya bukatar rawani. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, mai jawo fatake har daga Nijar, ta zama dandalin da sabon makaɗi ke gwada muryarsa. Sai kuma rediyo: gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rima Radiyo ta Sakkwato daga baya, sun ɗauki muryoyin makaɗan karkara suka kai su inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Kaset ya ƙarasa aikin a shekarun 1970 da 1980. Yaro a Zurmi ya sami damar koyon salon makaɗin da bai taɓa gani ba, ta hanyar mayar da kaset baya har sai ya haddace. Daga nan gado ya fara rasa ikonsa na tsare ƙofa.

Boko ya buɗe wata ƙofar dabam. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, inda ake koyar da aikin jarida, kuma ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996 ya kawo gidan rediyon jiha a Gusau da guraben aiki ga masu gabatar da shiri da masu ɗauko rahoto. Ko a nan sabon shiga yakan fara da riƙe wa wani rikoda da fassara labarai zuwa Hausa kafin a bar shi gaban makirfo. Bayan fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, tarukan kiɗan dare sun ja baya, matasa da yawa suka karkata ga yabon Annabi da waƙoƙin siyasa, ana buga su da fiyano a situdiyo, mai son shiga fim kuwa ya nufi Kano.

Yau waya ce kayan aikin farko. Matashi yakan ɗauki waƙa ko gajeren wasan barkwanci ya saka a Facebook ko TikTok, ya tura wa masu tura waƙoƙi a kasuwa su zuba wa mutane a memori. Sai dai rashin tsaro ya taɓa tsofaffin fagagen da sababbin a lokaci guda. Gayya ta yi wuya a ƙauyukan da noma ya zama kasada, tafiyar dare zuwa biki ta ragu, kuma a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara aka rufe kasuwannin mako, mai kalangu ya rasa taron ranar Alhamis, mai waya kuma ya rasa hanyar aika waƙarsa har tsawon makonni.