Sista Kenny da Bargon Ruwan Zafi

A shekarun 1930, idan shan inna ya kama yaro a Ostireliya ko Amurka, maganin likita ɗaya ne, a ɗaure shi. Sai a kwantar da shi, a zuba wa ƙafar filasta ko a sa mata takalmin ƙarfe, a hana ta motsi wata da watanni. Hujjar likitoci ita ce tsokar da ke da lafiya za ta rinjayi wadda ta shanye, ƙafar ta karkace. Sau da yawa kuwa, ranar da aka kwance, sai a tarar ƙafar ta tsotse, gwiwa ta sandare.

Matar da ta ce ba ta yarda ba, ko takardar makarantar jinya ba ta da ita. Elizabeth Kenny haihuwar 1880 ce, a garin Warialda na jihar New South Wales. Tana budurwa ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu, aka kai ta wurin Dakta Aeneas McDonnell a Toowoomba. A can ta fara karanta littattafansa tana koyon yadda tsoka da ƙashi suke aiki. Daga baya ta shiga jinyar mutanen karkara a Queensland, inda samun likita sai an yi doguwar tafiya. Sunan Sista kuwa ba na coci ba ne, muƙami ne da ta samu a rundunar jinya ta sojan Ostireliya lokacin Yaƙin Duniya na Farko.

Aikinta ba ya buƙatar wani inji. A yayyanka bargon ulu, a tsoma a tafasasshen ruwa, a matse shi tsaf, a naɗe gaɓar da ke ciwo yana tururi. Da ya huce a sake wani, haka nan wuni guda. Uwar da ta taɓa gasa wa ɗanta targaɗe da tsumma ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Idan zogin ya lafa, tsoka ta saki, sai Kenny ta kama ƙafar da hannunta, ta lanƙwasa ta miƙar a hankali. Takan ɗora yatsa a kan tsokar da take nema, ta gaya wa yaron sunanta, ta ce ya tara hankalinsa wuri ɗaya ya ja. Yau ɗan motsi, gobe a ƙara.

Likitocin ƙasarta ba su ji daɗi ba. A 1938 wani kwamitin likitoci da gwamnatin Queensland ta kafa ya yi watsi da tsarinta, ya ce barin ɗauri babban kuskure ne. Ita ma dai ba kanwar lasa ba ce, bakinta akwai kaifi, ba ta shakkar gwale babban likita a gaban ɗalibansa.

A 1940 ta tsallaka Amurka. A Minneapolis aka ba ta gadaje a asibitin birnin, likitoci suka ga yara na tashi ba tare da sandarewar da aka saba gani ba. A 1942 aka buɗe cibiya da sunanta, a 1946 aka yi fim a kan rayuwarta, Rosalind Russell ta fito a matsayinta. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta 1951 har ta doke Eleanor Roosevelt a jerin matan da Amurkawa suka fi ganin girmansu.

Duk da haka bayaninta a kan cutar bai yi daidai ba. Ta dage cewa a tsoka matsalar take, alhali ƙwayar cutar jijiyoyin laka take kashewa, kuma jijiyar da ta mutu gashi ba ya tayar da ita. Abin da ta gano shi ne, a hana tsokar da ta rage lalacewa, a koya mata aiki tun da wuri. Wannan shi ya ratsa cikin aikin gashin ƙashi na yau, inda ake tayar da mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka yi wa tiyatar gwiwa ya fara motsi cikin 'yan kwanaki.

Ta rasu a Toowoomba a 1952, shekara 3 kafin a amince da allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk. Cibiyarta ta Minneapolis ta haɗe da wata a 2013, yanzu sunanta Courage Kenny, tana kula da masu rauni a laka da ƙwaƙwalwa.