Shaidar Ƙuda

Mu da muke zaune a Malanville, inda fatake da baƙi ke ratsawa zuwa Gaya dare da rana, mun san yadda akan tsinci gawa a daji, a rasa mai cewa ga ranar da rai ya yi halinsa. Tambayar kuwa babba ce: daga ranar mutuwa ake lissafin takaba, wata 4 da kwana 10, kuma wanda ya riga ɗan'uwansa rasuwa ba ya cin gadonsa.

Abin mamaki, mai ba da wannan shaida shi ne ƙudan da muke kora a rumfar mahauta. A shekarar 1247, wani alƙali a ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta labarin manomin da aka kashe da lauje. Mai bincike ya sa kowa ya ajiye laujensa a fili. Ƙudaje suka taru kan guda ɗaya, domin sun ji ƙarnin jinin da ido bai gani ba. Mai laujen ya amsa laifinsa.

A 1894 kuma, Mégnin na Faransa ya nuna cewa ƙwari na zuwa wa gawa rukuni-rukuni, kowanne da lokacinsa. Koren ƙuda ne kan gaba: ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, girman tsutsarsa da zafin gari su nuna kwanakin da suka shige.

Saboda haka, in an tsinci gawa, kada a yi gaggawar watsa mata magani kafin hukuma ta iso. Allah Ya sa mu cika da imani.