Masaƙun Kakuri da Darasin Riƙon Jama'a

Duk wanda ya tashi a kudancin kogin Kaduna ba zai manta da jiniyar masaƙu ba, da yadda kekuna suke cika hanyoyin Kakuri da Makera da Nasarawa a lokacin canjin aiki. Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu can suka fara cin gumin kansu bayan sun baro gida. Yau da yake mu ne muke riƙe da ofisoshi da shaguna da ƙungiyoyi a birane, ya kamata mu waiwayi wannan tarihi.

A shekarar 1957, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Manufar ita ce a saƙa audugar Arewa a cikin Arewa. Ba a jima ba Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, dubban mutane masu harsuna da addinai dabam-dabam suka haɗu a gindin inji guda.

Darasi na farko shi ne, shugaban ƙwarai daga cikin jama'a yake fitowa. Adams Oshiomhole ƙaramin ma'aikaci ne a Arewa Textiles kafin ya shiga harkar ƙwadago. Bayan an haɗe ƙananan ƙungiyoyi an kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1978, ya zama babban sakatarenta a 1982, sannan shugaban NLC a 1999. Wanda ya taɓa kwana tsaye a kan inji, in ya zauna gaban manaja ya san abin da zai nema da abin da zai iya haƙura da shi.

Darasi na biyu ya zo a farkon 1984. Kuɗin mai ya ja baya, kayan gyaran injuna da auduga suka yi wuya, KTL ta shiga matsi. Hukumar kamfanin ta zo da maganar rage albashi, ma'aikata suka fusata suka fantsama kan titi. Abin da ya kashe wutar shi ne komawa kan tebur. Ƙungiya ta amince a riƙe wani kaso na albashi a matsayin ajiya, a biya ma'aikata in kamfani ya farfaɗo, aka ci gaba da aiki. Masana biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi nazarin wannan zamani a littafinsu na 1998. Abin lura a nan, mutanen da suka ƙi a yanke musu hukunci daga sama su ne suka yarda da sadaukarwa da aka zauna da su aka buɗe musu lissafi.

Darasi na uku mai ɗaci ne. Faɗuwar darajar naira bayan 1986, da tsadar wuta da baƙin mai, da kwararowar atamfar waje ta hanyar fasa-ƙwauri, duk sun taru sun karya masaƙun. An rufe KTL a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Ba laifin manaja ba ne kasuwar duniya ta juya, amma tanadin haƙƙin ma'aikaci tun ana cikin wadata nauyi ne da ke wuyan masu kamfani. Tun ran gini, ran zane.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa, wanda ke da yara biyu a shago da wanda ke da ma'aikata ɗari a ƙarƙashinsa: mu riƙa sauka inda ake aikin mu gani da idonmu. In matsala ta taso, mu faɗi gaskiyarta da wuri, kafin jita-jita ta riga mu. Mu bar ƙofar koke a buɗe, domin babba juji ne. Alkawarin da aka ɗauka kuwa a rubuta shi, a ware kuɗinsa gefe. Haka nan ƙungiyarmu ta ci gaban gari: kuɗin da mambobi suka tara, a karanta musu lissafinsa a kowane taron shekara, tun ba su tambaya ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wahala a Kakuri, Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu.