Baƙin Murabba'i da Hannayen da ke Ƙarƙashinsa

A watan Agustan 1999, a taron SIGGRAPH da aka yi a birnin Los Angeles, mahalarta sun riƙa sanya na'ura a ido suna juya wasu katuna masu baƙin murabba'i. Da zarar kyamara ta kama katin, sai wata siffa ta miƙe a kansa tamkar hannu zai iya cafke ta. Manhajar da ke gane murabba'in, ta lissafa nisansa da karkatarsa, sannan ta ɗora hoto daidai wurin, ita ce ARToolKit. Hirokazu Kato, masani ɗan Japan, shi ya rubuta ta, yana aiki tare da Mark Billinghurst a ɗakin bincike na HIT Lab da ke Jami'ar Washington. A 2001 aka sake ta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL.

Daga nan silsila ta fara tsawo. A 2008 wani mai rubuta manhaja a Japan ya mayar da ita harshen Java da sunan NyARToolkit. Wani kuma, da aka fi sani da laƙabin Saqoosha, ya ɗauki wannan ya kai shi Flash, aka sami FLARToolKit, wadda ke aiki a shafin intanet da kyamarar kwamfuta kawai. A 2009 kamfanin General Electric ya yi tallar wutar lantarki da ita: mutum ya buga alama a takarda, ya nuna wa kyamara, sai injinan iska su tashi a tafin hannunsa, in ya hura makirufo su ƙara gudu. Sunan da mai kallo ya tafi da shi na kamfanin ne, alhali aikin mutum uku ne aƙalla ke ɗauke da abin al'ajabin.

Ba lallai a ce an karya doka a irin wannan ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Sharuɗɗan GPL suna hawa kan wanda ya rarraba manhaja: ya bar sanarwar haƙƙin mallaka, ya ba da asalin rubutun ga wanda ya karɓa. Wanda ya hau dandamali ya nuna abin da manhajar ke yi bai rarraba komai ba, saboda haka lasisin bai tilasta masa furta sunan kowa ba.

An taɓa gwada tilastawar. Tsohon lasisin BSD na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya wajabta ambaton jami'ar a duk tallar da ta yi maganar manhajar. Masu ƙara aiki a kai suka riƙa liƙa nasu sunayen, har Richard Stallman ya ƙirga irin waɗannan jimloli 75 a cikin NetBSD na 1997. Babu allon tallar da zai ɗauki wannan. Ranar 22 ga Yulin 1999 jami'ar ta soke sharaɗin, makonni kaɗan kafin a nuna katunan Kato. Tun daga lokacin, ambaton masu aiki a bainar jama'a ya koma al'ada da mutunci.

Hujjar Stallman tana da ƙarfi, amma nuni a gaban jama'a yana da haɗarin da takardar talla ba ta da shi. A fasahar ɗora hoto a kan zahiri, abin da ke sa 'yan kallo tafi shi ne yadda siffa ke manne da katin ko da hannu na rawa, kuma sau da yawa wannan ne ainihin ɓangaren da aka aro. Mai zuba jari da ke zaune a sahun gaba zai ɗauka mai nunin ne ya warware matsalar, ya sa farashi a kan haka. Ɗalibin da ke baya kuwa zai fita bai san cewa abin yana nan kyauta ba. Layi ɗaya a allon ƙarshe ya isa ya gyara duka biyun.

Ita kanta ARToolKit ta nuna abin da suna ke tsarewa. Kamfanin DAQRI ya sayi ARToolworks, mai kula da ita, a 2015, ya sake ta a ƙarƙashin LGPL. A 2019 DAQRI ya rufe. Manhajar ta ci gaba a hannun tsofaffin masu kula da ita da sunan artoolkitX, kuma AR.js da Jerome Etienne ya fitar a 2017 a kan wani reshenta ya ginu. Masu neman gyara ko taimako sun iya bin sawu ne domin haruffan sunan farko sun tsira a jikin rassan, daga NyARToolkit har zuwa artoolkitX.