Birnin Ezekiyel da sunan da masana suka laƙaba masa

Masu nazarin littattafan Ibrananci na dā sun ari wata kalma daga Thomas More, lauyan Ingila wanda a shekarar 1516 ya wallafa labarin wani tsibiri mai birane 54 da babu mai mallakar gida ko gona shi kaɗai. Ya raɗa masa suna Yutopiya, daga Girkanci, wato "babu wuri". Da yake furucin ya yi kusa da na "wuri mai kyau", sunan ya ɗauki ma'ana biyu. A 2006 Ehud Ben Zvi ya tattara maƙalun masana kan wannan tunani a littattafan annabawa, a 2007 kuma Steven Schweitzer ya karanta littafin Tarihi da shi. Inda na fi son a gwada kalmar shi ne surori tara na ƙarshen littafin Ezekiyel, daga 40 zuwa 48.

Ezekiyel firist ne da aka kwashe zuwa Babila a 597 kafin haihuwar Almasihu. Shekara 14 bayan rushewar Urushalima ya ga wahayin wani mutum riƙe da sandar awo, yana auna haikali ƙofa-ƙofa, bango-bango, har kaurin ginshiƙai. Sannan aka raba ƙasa tsakanin kabilu 12, kowacce da yankinta miƙe daga gabas zuwa yamma, kamar babu tudu babu kwari. Birnin murabba'i ne, kamu 4,500 kowane gefe, da ƙofofi 12. Mai karanta wannan zai gane abin da ya ja hankalin masanan: tsari ne cikakke da aka zana a lokacin da ba a da ko tubali ɗaya a tsaye.

Kalmar ta yi amfani, gaskiya, domin ta nuna cewa wanda ya zana gari marar aibu yana tuhumar garin da ya sani ne. Dubi sarautar. A waɗannan surori ba a kiran shugaban da ke tafe melek, wato sarki. Ana ce masa nasi, jagoran jama'a, kalmar da Ibrananci na yau yake amfani da ita ga shugaban ƙasa. Melek kuwa ya fito ne a maganar sarakunan baya da suka ƙazantar da wuri mai tsarki. An kuma gindaya wa nasi sharaɗi: ba zai ƙwace gādon talaka ba, in zai ba ɗansa kyauta sai daga nasa rabon. Baƙon da ya zauna ya haihu a ƙasar shi ma yana da rabon gādo. Kowace doka a nan amsa ce ga wani zaluncin da aka ɗanɗana.

Sai dai sunayen su kansu sun raba gari da More. Shi sunayensa duk na korewa ne: kogin tsibirinsa Anidrus, "marar ruwa", shugabansa Ademus, "marar jama'a". Yana sanar da mai ilimin Girkanci tun farko cewa wurin babu shi. Kogin Ezekiyel kuwa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙofar haikali, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, har ya fi ƙarfin tsallakawa, ya gangara Tekun Gishiri ya mai da ruwansa mai daɗi. Masunta suna shanya taru daga En-gedi, wurin da yake nan har yau, an kuma bar fadamu da gishirinsu. Mai tunanin gishirin miyar mutane, a ganina, da gaske yake nufin a zauna a ƙasar. Sunan birnin ma, wanda da shi littafin ya ƙare, Yahweh Shamma ne, "Ubangiji yana can". Sunan Urushalima bai fito a surorin ba, amma "can" ɗin nuni ne ga ƙasar da aka raba Ezekiyel da mutanensa da ita. Da an ce in zaɓi laƙabi, na masanin falsafa Alfarabi, Madinatul Fadila, birni nagari, ya fi kusa, don bai kore wurin ba.

Haikalin da aka kammala wajen 516 kafin haihuwar Almasihu bai bi wannan zane ba. Duk da haka malaman Yahudawa sun ɗauki surorin a matsayin doka, har suka damu ƙwarai da inda hadayunsu suka saɓa wa na Attaura. Littafinsu Talmud ya ba da labarin cewa saura kaɗan a ɓoye littafin, sai Hananiya ɗan Hezekiya ya keɓe a bene da tulu 300 na man fitila, bai sauko ba sai da ya daidaita saɓanin.