Tudun Newgrange: Shaidar Ƙasa da Fassarar Mai Tono

A kwarin kogin Boyne na ƙasar Ayalan akwai tudun kabari da manoman zamanin dutse suka gina wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi dalar Giza. Wani siririn lungu mai tsawon mita 19 ke kai mutum ɗakin matattu, mai rufin duwatsun da aka jera ba laka. Michael O'Kelly ya tone wurin daga 1962 zuwa 1975. Matsayar wannan maƙala ita ce, abubuwan da aikin ya fito da su ba darajarsu ɗaya ba.

Akwai shaidar da kowa zai iya sake gwadawa. O'Kelly ya buɗe wata 'yar taga a saman ƙofa, kuma a ranar 21 ga Disamba, 1967, ya ga hasken hudowar rana ya ratsa ta har cikin ɗaki. Haka yake faruwa duk shekara, na kimanin minti 17. Fararen duwatsun gaban tudun kuwa daga tsaunukan Wicklow aka kwaso su, kudu da Dublin. Waɗannan sun tabbatar da sanin tafiyar rana da iya haɗa ma'aikata masu yawa.

Akwai kuma fassara. O'Kelly ya iske fararen duwatsun nan warwatse a ƙasa, ya yanke cewa bango ne ya rushe, sai aka sake tayar da shi a jikin kankare. Wani mai tono, George Eogan, ya sami irinsu a tudun Knowth da ke kusa, amma ya bar su a shimfiɗe, don a ganinsa daɓe ne. Farin bangon da baƙi ke ɗauka hoto a yau ra'ayin mutum guda ne.

Haka binciken ƙwayoyin halitta na 2020 ya nuna wani namiji da aka binne a cikin tudun Newgrange, iyayensa 'yan'uwan jini ne na kusa ƙwarai. Nan da nan aka ce gidan sarauta ne irin na Fir'aunonin Masar. Amma ƙashin mutum ɗaya, a ɗakin da ake shiga ana fita tun 1699, bai isa ya kafa daula ba.

Wurin da aka tone sau ɗaya ba ya sake tonuwa yadda yake. Saboda haka wajibin mai tono ne ya rubuta abin da ya gani daban, abin da ya zata daban, kada kuma ya gina zatonsa da siminti.