Tambur ɗin da ya binne masu shi

A 1856 tambura suka ƙare a Giyana, lokacin tana hannun Ingila. Shugaban gidan waya ya sa masu buga jarida su buga na wucin gadi. Cikin masu santi ɗaya, guda tak ya tsira. Wani yaro ɗan shekara 12 ya tsince shi a takardun kawunsa a 1873, ya sayar sule shida.

Sau biyu mutuwa ta kai shi gwanjo mai tarihi. Ferrary ya rasu a 1917, ya yi wasiyyar tarinsa ga gidan tarihi na Berlin, amma Faransa ta ƙwace, wai diyyar yaƙi, ta sayar da tambur ɗin a Paris a 1922. John du Pont kuma ya mutu a kurkuku a 2010. A 2014 aka yi gwanjonsa kusan dala miliyan 9 da rabi. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa ba! Giyana ba ta ga ko sisi ba.

To, mu ma tun 1921 akwai tambura masu sunan Nijar. In an zo rabon gado, kafin a ƙone wasiƙun tsoho, a dubi ambulan.